Kalmomin Yarda a Turanci: Kada Mu Cakuɗa Su

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. 'Yan'uwa ɗalibai, mu nan Abu Na'ama da Hausa muke tashi, da Larabci muke karatu, Turanci kuwa sai a aji. Amma fa takardun ƙungiyoyin agaji kan zo da Turanci, kuma mu iyayenmu ke miƙa wa su ce, "Karanta mana kafin mu dangwala." Shi ya sa muka tattaro kalmomi biyar da muke fassarawa duka da "yarda", alhali kowacce da gurbinta.

Agree ita ce ra'ayi ya zo ɗaya. Mu biyu muka ce a fara shukar dawa gobe, to mun yi agree. Babu babba babu ƙarami a ciki.

Accept karɓa ce, wato ƙabuli. An miƙo maka abu ko sharaɗi, ka karɓa, ko da ranka bai so ba. Manomin da ya karɓi kuɗin riɗinsa a kasuwar Singa don ba shi da zaɓi, ai ya yi accept ne kawai.

Permit izini ne. Malam ya bar ka ka fita aji, ba wai fitar ta burge shi ba.

Approve amincewar na gaba ce, bayan ya duba ya ga abin ya yi. Ɗalibi ba ya yi wa takardarsa approve, sai shugaban makaranta.

Consent ita ce mai nauyi: yardar mai abu a kan jikinsa ko haƙƙinsa. Irinta ce fiƙihu ya ce a nema wajen mace kafin ɗaurin aure. In kun gan ta a saman takarda, ku tsaya! Sa hannu a nan na nufin "na fahimta, kuma na yarda a yi mini".

Ga kuma wata mai baki biyu: sanction. Takan zo da ma'anar hukuma ta amince, takan kuma zo da ma'anar takunkumi, irin wanda Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan a 1997 ta ɗage a 2017. Jimlar ce za ta nuna maka wacce ake nufi.

Saboda haka in Baba ya miƙo takarda, kada mu ce masa "yarda ce kawai". Mu faɗa masa wace iri ce, in ta shige mana duhu mu kai wa malam. Amana ce aka ba mu. Allah ya ƙara mana fahimta, amin.