Yadda ake raya sabon akwatin kifin ruwan teku da busasshen dutse kafin a saka kifi

Idan kana yawan bin YouTube ko TikTok, da wuya ba ka taɓa cin karo da akwatunan gilashin nan masu shuɗin haske ba, waɗanda ake kiwon murjani da ƙananan kifayen teku a cikinsu. Sha'awa ce da ta fi ƙarfi a Amurka da Turai, kuma cike take da na'urori, shi ya sa ta samu wuri a wannan shafin. Abin da bidiyon ba sa nuna maka shi ne makonnin farko, lokacin da akwatin ke tsaye babu komai sai ruwa da dutse. A nan ne mafi yawan sababbin shiga ke asarar kifi da kuɗi.

Kifi yana fitar da amoniya ta matsattsarsa da kashinsa, ragowar abinci ma idan ya ruɓe amoniya yake zama. Guba ce, kuma ta fi illa a ruwan teku saboda pH ɗinsa yana kusan 8.1 zuwa 8.3. Akwai bakteriyar da ke mayar da amoniya zuwa naitirait, wato NO2, sannan wani rukunin ya mayar da NO2 zuwa naitiret, wato NO3, wanda gubarsa ba ta kai ta sauran ba kuma ana rage shi da canjin ruwa. Duk wanda ya taɓa kiwon tarwada a tanki ya san warin ruwan da amoniya ta yi wa yawa, matsalar ɗaya ce. Waɗannan bakteriya a jikin dutse da yashi suke zama, ba yawo suke a ruwa ba. Dutsen da aka ɗauko daga teku yana zuwa da su, amma yana da tsada kuma yakan taho da ƙwarin da ba a so. Busasshen dutse kuwa tamkar sabuwar kwamfuta ce da ba a ɗora mata babbar manhaja ba: kayan aiki sun cika, sai dai babu abin da zai gudana.

Fara da ruwa. Kada ka yi amfani da ruwan famfo ko na rijiya, ana amfani da wanda aka tace da na'urar RO/DI har ma'aunin TDS ya nuna 0. Gishirin ma ba na miya ba ne, na musamman ne da ake haɗawa don akwatin teku. Ka narkar da shi har ƙarfin gishirin ya kai 35 ppt, wanda ya yi daidai da kusan 1.026 a ma'aunin nauyin ruwa. Akwai ƙaramar na'urar leƙawa mai kama da tocila da ake ɗiga mata ruwa a duba, ita ce ta fi araha cikin masu inganci, amma ka saita ta da ruwan gwaji na 35 ppt tukuna. Zafin ruwa ya tsaya tsakanin digiri 25 da 26. Ka jera dutsen, ka kunna famfon da ke juya ruwa, ka bar fitila a kashe, domin haske a wannan lokacin gansakuka kawai yake ciyarwa.

Sai abu biyu: bakteriya da abincinsu. Ana sayar da bakteriya a kwalba, kamar One and Only na kamfanin DrTim's ko Fritz TurboStart 900. Abincinsu kuma ruwan amoniyom kulorayid ne, ana ɗigawa har gwaji ya nuna 2 ppm. Wajen lissafi ka tuna dutse da yashi sun cinye wani wuri, akwatin lita 100 ba lita 100 na ruwa yake ɗauka ba, don haka ka fara da ƙasa da abin da kwalba ta ce, ka gwada, ka ƙara. Kada ta wuce 5 ppm, domin yawanta yana jinkirta aikin. Wasu suna jefa ɗanyen jatan lande ya ruɓe a ciki. Yana aiki, amma ni ban son hanyar da ba zan iya auna abin da na zuba ba. Wasu kuma kifi mai juriya suke sakawa ya sha gubar, wannan zalunci ne kuma babu buƙatarsa. Idan kana da fitilar UV ko na'urar tsame kumfa, ka kashe su na kwanakin farko kada su kwashe bakteriyar kafin ta manne.

Yanzu wayarka ta shigo. Buɗe Google Sheets, ka yi layi huɗu: kwanan wata, amoniya, NO2, NO3. Ka riƙa gwaji duk bayan kwana biyu kana rubutawa, sannan ka sa ya zana maka jadawali. Lamba ɗaya ba ta gaya maka komai, tafiyar layin ce labarin. Za ka ga amoniya ta sauka, NO2 ya hau ya sake sauka, NO3 kuma yana ta hawa. Kayan gwajin launi suke nunawa, don haka ka riƙa ɗaukar hoton kwalbar kusa da katin launi a hasken rana, a wuri ɗaya kullum. Kayan gwajin API sukan nuna 0.25 na amoniya a ruwan gishiri ko da babu ita, kada wannan ya tsare ka wata guda. NO2 ma ba shi da haɗari sosai ga kifin teku kamar na ruwan daɗi, saboda kulorayid ɗin da ke cikin gishirin.

Bakteriyar nan da iskar oksijin suke aiki. Idan wuta ta ɗauke na sa'o'i masu yawa ruwa ya tsaya cak, aikin yana komawa baya. A wurinmu wannan ba ƙaramar magana ba ce, don haka ka haɗa famfon da inbata ko ka tanadi ƙaramin famfon iska mai batir. A lokacin bazara kuma sanyaya ruwa ne aikinka, ba ɗumama shi ba. Na'urar Inkbird mai Wi-Fi tana iya kunna fanka idan zafi ya wuce kima ta kuma turo maka saƙo a waya. Ruwan da ya ƙafe ka cike shi da tataccen ruwa marar gishiri, domin gishiri ba ya tashi da tururi.

Da bakteriyar kwalba aikin yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu, ba tare da ita ba yakan kai mako huɗu zuwa shida. Gwajin ƙarshe shi ne ka sake ɗiga amoniya zuwa 2 ppm. Idan ta koma 0 cikin awa 24 kuma NO3 ya bayyana, ka canza wani kaso na ruwan, ka saka kifi ɗaya ko biyu ƙanana. Bayan ka kunna fitila za ka ga wata ƙura mai launin ƙasa ta rufe dutse da yashi, wannan al'ada ce kuma takan wuce da kanta. Murjani kuwa ka ɗan jinkirta masa, ka kuma riƙa auna fosfet, domin wani busasshen dutsen yana ci gaba da sakinsa cikin ruwa tsawon watanni.