Darasin Wannan Mako: Gilashin Idon Kifi Mai Araha, Riba Ce Ko Asara?

Darasinmu na wannan mako a kan wani ɗan ƙaramin gilashi ne da ake sayarwa a shagunan kayan waya. Ana maƙala shi a kan idon kyamarar waya da ɗan abin matsewa, irin wanda ake kama tufafi da shi a igiyar shanya. Akwai kuma wanda ake murɗa shi a bakin babbar kyamara kamar murfin kwalba. Sunansa gilashin idon kifi. Masu sayarwa suna cewa zai sa kyamara ta kwashe fili guda a hoto ɗaya. Da yawa daga cikinmu muna son ɗaukar hoto da wayar yaya ko ta baba, wasu har suna ajiye kuɗin tararsu a asusu don su saya. Shi ya sa muka ga ya dace mu san abin da yake yi da abin da ba ya iyawa, kafin wani ya fasa asusunsa.

Me ya haɗa kifi da kyamara?

Ku sa cokali a cikin kofin gilashi mai ruwa, ku duba ta gefe. Za ku ga kamar cokalin ya karye a daidai saman ruwan. Cokalin lafiyarsa ƙalau. Haske ne yake lanƙwashewa idan ya fita daga iska ya shiga ruwa, ko ya fito daga ruwa ya shiga iska. Saboda wannan lanƙwasar, kifin da ke ƙarƙashin ruwa idan ya ɗaga ido sama yana hango sararin sama duka, daga wannan gaɓa zuwa waccan, wato digiri 180, an matse masa shi a cikin wani da'ira mai faɗin kusan digiri 97.

Wani masanin kimiyya ɗan Amurka mai suna Robert Wood ya so ya ga duniya yadda kifi yake ganinta. A shekarar 1906 ya haɗa kyamara da ruwa a cikinta, ya ɗauki hotuna, kuma daga wurinsa sunan idon kifi ya samo asali. A shekarar 1924 wani ɗan Ingila mai suna Robin Hill ya tsara gilashi irin wannan don a riƙa ɗaukar hoton gajimare duka a lokaci ɗaya, saboda nazarin yanayi. Ke nan tun farko aikin kimiyya aka yi shi domin sa. Har yau ɗan ƙaramin idon da ake sa wa ƙofar otal ko ta wasu gidaje, wanda ake leƙa baƙo ta cikinsa, irin wannan gilashi ne.

Na ainihi da na maƙalawa

Gilashin idon kifi na ainihi shi kaɗai yake aiki a kyamara. Ana cire gilashin da ke jikin kyamarar a sa shi. A cikinsa akwai gilasai da yawa a jere, kowanne yana gyara kuskuren ɗan uwansa. Kamfanin Nikon na ƙasar Japan ya yi wani a farkon shekarun 1970 mai ganin digiri 220, wato har yana hango ɗan abin da ke bayansa. Nauyinsa ya wuce kilo 5.

Na maƙalawa kuwa ƙari ne ake ɗorawa a kan gilashin da kyamara take da shi tun asali. Wanda ya ƙera shi bai san wace waya za a sa masa ba, don haka gilasan biyu ba a auna su tare ba. Masu arahar cikinsu gilasai kaɗan ne a ciki, wasu ma na roba ne. Daga nan matsalolin suke farawa.

Lambobin da ke jikin kwali

A jikin kwalin za ku ga an rubuta 0.67x ko 0.42x. Ga ma'anarsu. Kowane gilashin kyamara yana da lamba ta milimita, kuma duk lokacin da lambar ta ƙara ƙanƙanta, faɗin abin da yake gani yana ƙaruwa. Babbar kyamarar wayoyi da yawa ana lissafa ta a kan kusan milimita 26. Idan muka ninka 26 da 0.67 za mu samu kusan 17. Idan muka ninka da 0.42 za mu samu kusan 11. Don haka 0.42x ya fi 0.67x faɗin gani, kuma ya fi shi lanƙwasa layuka. Lambar faɗi kawai take faɗa mana. Ba ta cewa komai a kan kyawun hoto. Haka ma idan an rubuta digiri 180 ko fiye a kwali, kada mu yarda sai mun gwada, domin faɗin da za a samu ya dogara da wayar da aka maƙala masa.

Aibobi huɗu da ya kamata mu duba

Na farko, dishi-dishi a gefe. Tsakiyar hoto takan fita garau, amma da an matsa zuwa gefe sai rubutu da fuskoki su fara narkewa. Hasken da ya shigo ta gefen gilashi shi ya fi wuyar tattarawa wuri ɗaya, kuma gilashi mai araha ba shi da isassun abokan da za su gyara shi.

Na biyu, launin bakan gizo a bakin abubuwa. Farin haske launuka ne a haɗe, kuma gilashi yana lanƙwasa shuɗi fiye da ja. Idan ba a gyara ba, launukan ba sa sauka wuri ɗaya. Sai a ga zaren shuɗi ko shunayya a gefen reshen bishiya ko bakin kwanon rufi. Masu ƙera gilashi mai kyau suna haɗa gilasai iri biyu daban-daban don su dawo da launukan wuri guda, kuma wannan aiki yana cin kuɗi.

Na uku, hazo idan an fuskanci rana. Gilashi mai kyau ana shafa masa wani siririn sinadari da ke hana haske dawowa baya. Wanda ba a shafa wa ba, haske yana ta kai-komo a cikinsa, hoton ya fito fari-fari kamar an ɗauka a tsakiyar hunturu.

Na huɗu, baƙi a kusurwoyi. Sau da yawa hoton yakan fito a da'ira, kusurwoyi huɗu su zama baƙi ƙirin. Idan kuma abin matsewar ya ɗan goce daga tsakiyar idon kyamara, gefe ɗaya zai fi ɗaya duhu.

Bari mu yi lissafi

Wannan baƙin ba ƙaramar asara ba ce, kuma za mu iya auna ta da darasin da'ira da muka yi a aji. Hoton waya ɗigo-ɗigo ne ƙanana. A ce hoton yana da ɗigo 4,000 a tsawo da 3,000 a faɗi. Idan muka ninka, ɗigo miliyan 12 ke nan. Da'ira mafi girma da za ta shiga ciki faɗinta 3,000 ne, rabinsa 1,500. Mu ninka 1,500 da 1,500, sannan da 22 bisa 7. Amsar ita ce miliyan 7 da ɗan kai. Ashe kusan ɗigo miliyan 5 sun tafi a baƙi. Sauran miliyan 7 ɗin kuma su ne za su ɗauki filin da ya fi na da faɗi sosai, don haka kowace fuska ɗigo kaɗan za ta samu. Dalilin da ya sa ke nan idan aka jawo hoton don a ga wani, sai a ga fuskarsa ta dagule.

Ina yake da amfani?

Ba mu ce gilashin banza ba ne. Yana da daɗin wasa. Idan aka matso da shi kusa da fuskar akuya, hancinta zai yi girma kunnuwanta su koma can baya, kowa ya yi dariya. Yana kwashe ƙaramin ɗaki duka a hoto ɗaya. Idan aka kwantar da waya a ƙasa tana kallon sama, ana iya ɗaukar gajimaren damina kamar yadda Robin Hill ya so. Ga mai koyon kimiyyar haske kuma, aibobin nan huɗu kansu darasi ne da zai gani da idonsa.

Amma ga aikinmu na 'yan jarida bai dace ba. Hoton labari dole ya nuna abu yadda yake. Idan muka ɗauki taron safe da shi, ginin ajujuwa zai lanƙwashe kamar baka, waɗanda ke tsakiya su kumbura, na gefe su matse har iyayensu ba za su gane su ba. Hoton 'yan aji na ƙarshen shekara abin tarihi ne, ba a maimaita shi. Haka nan ba a ɗaukar rubutun allo ko takardar sakamako da shi.

Kafin a saya, a fara duba wayar da ke gida. Wayoyi da yawa na yanzu suna da kyamara ta biyu mai faɗi, wadda ake samu idan an taɓa 0.5 ko 0.6 a fuskar waya. Akwai kuma tsarin fanorama, inda ake juya waya a hankali daga hagu zuwa dama ta haɗa dogon hoto. Duka biyun ba sa cin ko kwabo, kuma galibi sun fi gilashi mai araha fitar da hoto garau.

Gwaji kafin biya

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Wanda ya ƙudura sai ya saya, ya tafi da babba, ya roƙi mai shago ya bari a gwada.

1. A ɗauki hoton kalanda ko jarida da ke jikin bango, sau ɗaya da gilashin, sau ɗaya babu shi.
2. A jawo hoton a karanta rubutun tsakiya, sannan na gefe. A ina rubutun ya daina karantuwa?
3. A fita waje a ɗauki reshen bishiya ta fuskar sama, a duba ko akwai zaren shuɗi.
4. A duba kusurwoyi huɗu, a ga yawan baƙin.
5. A tabbata abin matsewar yana zama daram, kuma ba ya rufe fitilar waya ko ya karce ta.

Idan bayan gwajin mutum ya ga hoton ya yi masa, kuma don wasa da koyo yake so, to ya san abin da ya saya. Idan kuwa hoton biki ko na labari yake nufi, gara kuɗin su ci gaba da zama a asusu, domin araha ba ta ado.

Tambayoyin mako

1. Me ya sa cokali yake zama kamar ya karye a cikin ruwa?
2. Kyamara mai milimita 28 aka maƙala wa gilashi mai lamba 0.5x. Nawa lambarta ta koma?
3. Tsakanin shuɗi da ja, wane launi gilashi ya fi lanƙwasawa?

Ku rubuta amsa da sunanku da ajinku, ku jefa a akwatin ƙungiya kafin ranar Alhamis. Za mu liƙa sunayen waɗanda suka ci a wannan allo mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.

Daga ɓangaren kimiyya na ƙungiyar 'yan jarida, aji biyu na ƙaramar sakandare.