Amsoshin Wasiƙunku: Hutun Ƙarshen Mako a Nashville

 Jama'a masu sauraro, a jakarmu ta yau akwai wasiƙu uku da suka taru a kan gari guda, wato Nashville, babban birnin jihar Tennessee a Amurka, wanda ake yi wa kirari da birnin kiɗa. Shi ya sa na ware musu shirin gaba ɗaya.

Ta farko daga wata baiwar Allah ce mazauniyar Atlanta. Ta ce ita da maigidanta da yaransu, da surukarta da ta zo musu ziyara daga Zariya, da wata ƙawarta da nata iyalin, suna son su je Nashville su kwana biyu. Amma duk hoton garin da ta gani, mashaya ce da 'yan rawa. Tana tambaya, anya wurin zuwa ne da yara da dattijuwa?

To Hajiya, mun gode da wasiƙa, a gaishe mana da Inna, Allah ya sa ta koma gida lafiya. Amsata ita ce ku je. Hotunan da kika gani gaskiya ne, amma kusan dukkansu na titi ɗaya ne, ƙasan titin Broadway da ya gangara bakin kogin Cumberland. Can ne mashayu suke jere, kowace da makaɗanta tun hantsi har bayan tsakar dare. Da yawansu suna barin yara su shiga da rana tare da iyaye, idan dare ya yi kuma sai mai shekara 21. Ni dai ba zan ba ki shawarar kai Inna can da dare ba. Ku ratsa ta titin da rana, ku ji kiɗan daga waje, ku hau gadar masu tafiya da ƙafa da ta ƙetare kogin, yara su ɗauki hoto. Awa ɗaya ta ishe ku.

Inda nake so ku zauna ku daɗe shi ne gidan tarihin kiɗan baƙar fatar Amurka, wanda aka buɗe a watan Janairun 2021, a tsakiyar garin. Mutane da yawa suna ɗauka kiɗan Nashville na fararen fata ne masu malafa, shi ke nan. Alhali waɗanda suka fara kai sunan garin nan duniya da waƙa baƙaƙen fata ne. A 1866, bayan yaƙin da ya kawo ƙarshen bauta, aka kafa makarantar Fisk domin 'yantattun bayi da 'ya'yansu. Kafin a je ko'ina kuɗi ya ƙare, makaranta tana neman rufewa. A watan Oktoban 1871 ɗalibai tara suka fita yawon waƙa gari gari don su ceto ta, yawancinsu an haife su cikin bauta, suna rera waƙoƙin addini da iyayensu suka rera a gonakin iyayen gijinsu. A 1873 suka kai Ingila, suka yi waƙa a gaban Sarauniya Biktoriya. Da kuɗin da suka tara aka gina katafaren benen nan Jubilee Hall, kuma yana nan tsaye a harabar jami'ar har gobe. Hajiya, yaranki da ke tasowa a Amurka suna buƙatar su tsaya gaban ginin nan, su ji cewa muryar matasa irinsu ce ta gina shi. Daga tsakiyar gari tafiyar 'yan mintoci ce a mota. Kusa da nan titin Jefferson yake, inda Jimi Hendrix ya yi kiɗa a farkon shekarun 1960 tun bai yi suna ba, kafin a ratsa babbar hanyar mota ta cikin unguwar a tarwatsa kasuwancinta.

Akwai kuma abin da nake jin zai taɓa zuciyar Inna. Abin kiɗan nan banjo, da ake ɗauka tambarin kiɗan karkarar Amurka ne, bayin da aka kwasa daga Afirka ne suka fara haɗa shi a tsibiran Karebiyan da Amurka: duma, da fata da aka ɗaure a bakinta, da sanda, da tsirkiya. Duk wanda ya san gurmi ya ga hoton tsohon banjo, zai gane dangi ne.

Da daren Asabar kuma, ku sayi tikiti tun kuna gida ku je Grand Ole Opry. A nan kam ku yi mini uzuri in ɗan tsawaita, don abin ya shafi sana'ata. Grand Ole Opry shirin rediyo ne, ba wani abu ba. Tashar WSM ta fara shi a watan Nuwamban 1925, kuma ana ci gaba da watsa shi kai tsaye, ya cika shekara ɗari a 2025. Kuna zaune a zaure mai cin mutum fiye da dubu huɗu, mai gabatarwa yana gefen dandamali yana karanta talla, mawaƙa suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya yi waƙa biyu ko uku ya ba na baya wuri, tsoho da sabon shiga. Cikin taurarinsa na farko akwai baƙar fata, DeFord Bailey, mai busa hamonika yana kwaikwayon kukan jirgin ƙasa. Daga 1943 zuwa 1974 a zauren Ryman ake yin shirin, wani tsohon ɗakin wa'azi da aka gina a 1892. Da za a koma sabon gini, sai aka yanko wata da'irar katako daga dandamalin Ryman aka dasa a tsakiyar sabon, a kanta mawaƙa suke tsayawa. Ana sayar da giya a harabar, ban ɓoye miki ba, amma wuri ne na zama a kujera, iyalai da jikoki da kakanni, kuma cikin awa biyu ko ɗoriya kaɗan an tashi. Ma'aikacin tashar WSM ne ma, David Cobb, ya laƙaba wa garin kirarinsa a 1950 yana cikin gabatar da shiri.

Daga Atlanta kusan kilomita 400 ne, awa huɗu a mota idan hanya ta yi kyau. Ku tuna agogon Nashville yana bayan naku da awa ɗaya, kada ku rikice a lokacin salla ko na tikiti. Kuma kada ku cika ranar da wurare. Da dattijuwa da ƙananan yara, wuri biyu a rana ya wadatar, a bar lokacin ƙailula.

Wasiƙa ta biyu daga wani ɗalibi ce a Louisville ta jihar Kentucky. Ya ce su shida ne, 'yan Najeriya da 'yan Nijar, za su yi hayar mota su je, amma aljihu ba nauyi, kuma suna tsoron cin abin da bai halatta ba.

Ɗan'uwa, Allah ya ba da sa'ar karatu. Batun abinci kada ya dame ku. A duk Amurka babu garin da ya kai Nashville yawan Kurdawa, sun fara zuwa tun 1976, kuma unguwarsu tana kan titin Nolensville Pike, kudu da tsakiyar gari. Can za ku samu mahauta na halal, da gasasshen nama, da burodi mai zafi, da shinkafa, a farashin da ɗalibi zai iya. Akwai masallacinsu na Salahadeen a yankin, akwai kuma Cibiyar Musulunci ta Nashville a kan titi na 12 ta kudu. Idan za ku tashi ranar Juma'a, ku yi sammako ku riski salla a can, tafiyar kusan awa uku ce. Hukuncin ƙasaru kuwa, ku tambayi malaminku kafin ku kama hanya.

Inda za ku yi hattara shi ne abincin gargajiyar garin. Sun yi suna da soyayyar kaza mai yaji, amma asalin haɗin yajin da kitsen alade ake kwaɓa shi, kuma har yanzu wasu haka suke yi. Haka ganye da wake, sau da yawa da guntun naman alade ake dafa su, ko da ba ka gan shi a faranti ba. Ku buɗe baki ku tambaya, ba abin kunya ba ne, sun saba da tambayar.

Kuɗi kuma, ku yi karo-karo tun kafin tafiya, ku naɗa ma'aji ɗaya, ku rubuta na mai, na masauki, na ajiye mota, domin ajiye mota a tsakiyar garin yana da tsada ƙwarai. Ku nemi masauki a gefen gari. Ku kauce wa makon babban bikin kiɗan CMA a watan Yuni, lokacin ɗakuna sun yi wuya, farashi ya hau. Gidan tarihin jihar Tennessee kyauta ake shiga, lambun Centennial ma haka. Abu ɗaya nake roƙonku: makaɗan da ke Broadway yawancinsu da tukuicin masu sauraro suke rayuwa. Idan kun tsaya kun ji daɗi, ku jefa wani abu a bokitinsu, ko dala ɗaya ce.

Ta ƙarshe daga wani dattijo ce a Kaduna, tsohon ma'aikacin gwamnati. Ya ce tun yana saurayi yake jin Jim Reeves da Don Williams a rediyo da kaset, yanzu ɗansa da ke Amurka ya yi alkawarin kai shi Nashville, me zai gani na mutanen nan biyu?

Baba, ranka ya daɗe, Allah ya yi wa yaron nan albarka. Dukansu biyu sun riga mu gidan gaskiya. Jim Reeves ya mutu a haɗarin ƙaramin jirgin sama kusa da Nashville a 1964, Don Williams kuma ya mutu a 2017. Amma ka ce wa ɗanka ya kai ka gidan karrama mawaƙan kiɗan karkara, wato Country Music Hall of Fame. A zagayayyen zauren da ke ciki za ka ga allunan tagulla masu ɗauke da fuskokinsu, an shigar da Reeves a 1967, Williams a 2010. Daga ƙofar gidan ake ɗaukar baƙi a mota zuwa ɗakin naɗar waƙa na RCA Studio B, wanda aka buɗe a 1957, inda Jim Reeves ya naɗi waƙoƙinsa da dama, haka Elvis Presley da Dolly Parton. Kujerun motar ƙidayayyu ne, don haka ya sayi tikitin wuraren biyu a haɗe tun da wuri. Idan da hali ku zaɓi watan Afrilu ko Oktoba, ba zafi ba sanyi mai tsanani.

Idan ka dawo, Baba, ka rubuto mana yadda ka gani, za mu karanta wa masu sauraro. Sauran wasiƙunku suna nan a ajiye sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.