Darasin Lafiya: Ƙurjin da Ya Ƙi Warkewa

Karatu: Littafin Firistoci 13:1-8

A wurin da muka karanta, in tabo ya fito wa mutum a fata, akan kai shi wurin firist ya duba. In abin bai bayyana sosai ba, sai a sake dubawa bayan kwana 7. Ba mai tabon ne ke yanke wa kansa hukunci ba. Mu ma haka ya kamata mu yi. Ƙurji ko gyambon da ya yi mako 4 bai warke ba, likita za a kai wa.

Mene ne ciwon?

Akwai sankara, wato ciwon daji, mai kama fata. Iri biyu sun fi yawa. Na fari likitoci suna ce da shi basal sel kasinoma. Hasken rana ne ke kawo shi bayan dukan shekara da shekaru, don haka ya fi fitowa a hanci, da goshi, da kunne, da gefen ido, da wuya. Yana girma a hankali. Ba safai yake yaɗuwa cikin jiki ba, amma in an bar shi yana cin nama har ƙashi. Mutum na iya rasa hanci ko ido. Na biyun ya fi shi sauri, yana kuwa iya kaiwa ga kaluluwa. Shi ne ya fi damun zabiya a ƙasarmu, shi ne kuma ke tsirowa a tsohon gyambo ko tabon ƙuna.

Baƙar fata tana kare yawancinmu, ko da yake ba duka ba. Zabiya kuwa ba shi da wannan kariya. Kun dai san ranar Sakkwato. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan wuce digiri 40, ga mu kuwa muna yini a fadamar Rima kan albasa da shinkafa. Ku sani ciwon nan ba sammu ba ne, ba kuturta ba ce, ba a kuma ɗaukarsa wurin cin abinci tare.

Alamu

1. Ƙurji mai ƙyalli, bakinsa a ɗage, tsakiyarsa a lotse. A jikin baƙin mutum yakan zama baƙi.
2. Miki mai yin ɓawo, ya zub da jini, ya sake ɓawo.
3. Tsohon gyambo ko tabon ƙuna da ya fara tudu, ko wari, ko zub da jini.

Sau da yawa ba ya zafi da fari. Abin da ke ruɗin mutane ke nan, har su ce bari sai bayan kaka.

Me ake yi a asibiti?

Likita zai yi allurar kashe zafi, ya yanki ɗan nama kaɗan, a duba da madubin likita. Ta haka ake tabbatar da irin ciwon. In ƙarami ne, sai a yanke shi tare da ɗan lafiyayyen naman da ke kewaye, a ɗinke. Yawanci mutum yakan koma gida a ranar, kusan duka kuwa suna warkewa. In ya yi girma, sai an yanko fata daga wani wuri an yi faci, ko a gasa wurin da na'ura. Kuɗi da wahala sun ƙaru ke nan. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A nan birni muna da Asibitin Ƙwararru, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, inda ake duba masu ciwon daji. Ku fara da asibitin da ke kusa da ku, ku roƙi takardar zuwa can. Kada a yi sakiya, kada wanzami ya tsaga, kada a sa ruwan batir ko toka. Wanda aka yi wa aiki ya riƙa komawa a duba shi, gama wani na iya fitowa.

Abin da ƙungiyarmu za ta yi

1. A ware kuɗin mota da na gwaji daga asusu, a ba mai bukata rance.
2. In ɗan ƙungiya yana asibiti, a yi masa gayya, kada gonarsa ta hana shi tafiya.
3. Zabiya ya yi noma da sassafe da yamma. Daga ƙarfe 10 zuwa 4 a ba shi aikin inuwa, kamar kiwon kaji ko riƙon littafin kuɗi.
4. A saya wa yaranmu zabiya malafa mai faɗi, da riga mai dogon hannu, da man kare rana mai lamba 30 ko fiye. Ko da hazo ko gajimare, su sa.
5. Tun 2015, Majalisar Ɗinkin Duniya ke tunawa da zabiya kowace 13 ga Yuni. Mu karanta darasin nan a majami'a a makon, mu kuma faɗa wa maƙwabtanmu Musulmi.

Tambayoyi

1. Wa muka sani mai gyambon da ya wuce wata guda?
2. Me ya hana shi zuwa asibiti?
3. Wa zai raka shi, kuma yaushe?

Magatakarda ya rubuta amsar ta 3, a tambaye shi a taro na gaba. A rufe da addu'a domin marasa lafiya da masu jiyyarsu.