Me ya sa daɓen Harami ba ya ƙona ƙafa?

Tambaya: Ni mazaunin Jarwal ne a Makka. Da azahar kwaltar unguwarmu ko da silifa sai ta gasa mutum, amma in na shiga Harami na taka filin ɗawafi ba takalmi, babu ƙuna. Wasu na cewa bututun ruwan sanyi aka binne a ƙasa. Ɗana kuma ya ce masana fiziks sun gano fenti mai sanyaya gida ba tare da lantarki ba. Ina gaskiyar take?

Amsa: Alhaji, Allah ya ba da ladan maƙwabtaka da Ɗakinsa. Ɗanka bai yi ƙarya ba, kuma tambayoyin naka biyu tushensu ɗaya.

Mu fara da daɓen. Sirrin yana jikin dutsen, ba a bututu ba. Farin marmara ne da ake haƙowa a tsibirin Tasos na ƙasar Girka. Da tsakar rana, hasken da ke sauka a kan kowace murabba'in mita yana kai kimanin wat 1,000, kuma a Makka rana kan tsaya daidai saman Ka'aba sau biyu a shekara, wajen 28 ga Mayu da 16 ga Yuli. Baƙar kwalta tana shanye kusan kashi 90 cikin ɗari na hasken nan ta mai da shi zafi. Farin dutsen kuwa yana mayar da mafi yawansa sama. Ɗan abin da ya shanye ba ya taruwa a fuskar da ƙafarka ke takawa, domin marmara na saurin miƙa zafi zuwa cikinsa, ga shi an yanko shi da kauri.

To amma mayar da haske iyakarsa ya rage ɗumama. Abin da masana suka cim ma a shekarun nan ya wuce haka, wato su sa abu ya fi iskar da ke kewaye da shi sanyi alhali yana cikin rana. Kowane abu, har jikinka, yana fitar da zafi ta wani haske da ido ba ya gani. Iskar duniya tana tare mafi yawansa, sai dai akwai wata kafa: hasken da tsawon zangonsa ke tsakanin maikuromita 8 da 13 yana ratsawa ya fice zuwa sararin samaniya, inda sanyi ya kai digiri 270 ƙasa da sifiri. Shi ya sa daren da gari ya washe ba gajimare ya fi sanyi. Mutanen Farisa na dā da wannan suke daskarar da ruwa cikin dare a hamada.

Da rana ne abin ya gagara, har zuwa 2014, lokacin da Shanhui Fan da Aaswath Raman da abokan aikinsu a Jami'ar Stanford ta Amurka suka buga sakamakonsu a mujallar Nature. Sun ƙera wani faifai mai siraran shimfiɗu bakwai a kan azurfa, wanda ke mayar da kashi 97 na hasken rana, yana kuma tura nasa zafin ta waccan kafa. A tsakiyar rana ya fi iska sanyi da kusan digiri 5. A 2021 kuma Xiulin Ruan na Jami'ar Purdue ya fito da fentin da ɗanka ke nufi, mai mayar da kashi 98.1. Farin fentin kasuwa kashi 80 zuwa 90 yake mayarwa. Tazarar kamar kaɗan ce, amma a cikinta aikin yake: mai shanye kashi 2 da mai shanye 15 ba ɗaya ba ne. Kusa da ku ma, a jami'ar KAUST da ke Suwal arewa da Jidda, ana bincike a kan irin wannan sanyaya.

Na ɗauki binciken nan da muhimmanci saboda abin da muka gani a Hajjin 2024, da zafi ya kai digiri 51.8 a Harami, hukumomin Saudiyya kuma suka sanar da rasuwar mutum 1,301. Allah ya jiƙansu. Shafa wa tituna farin rufi da aka yi a kewayen Masallacin Namira a Arfa daga wannan ilimin ya fito. Sai dai kada a ɗora masa abin da ba zai iya ba. Danshin iska yana toshe kafar nan, ƙura tana dusashe farin, kuma sanyin daɓe ba ya hana rana dukan kan mai tafiya. Lema da ruwa da inuwa suna nan a matsayinsu. Batun ƙurar ne nake fatan masananmu na jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello su riƙa, domin fentin da aka gwada a Amurka bai san hazon hunturun Kano ba.

Game da gidanka, Alhaji, ba sai ka jira na Purdue ba. In mai gida ya yarda, a shafe rufin kankaren da farin fenti mai kyau na waje, a riƙa wanke ƙurar lokaci-lokaci. Ɗakunan da ke hawa na ƙarshe su za su fi jin bambancin, na'urar sanyaya ɗaki ma za ta rage wahala.