Kada ku bar hita a hannun manhaja ita kaɗai

Makon jiya wata Hajiya mai kiwon kaji ta aiko yaronta shagona da akwatin ƙyanƙyasa a cikin A Daidaita Sahu. Ƙwai kiret-kiret ta zuba, saura kwana uku su cika 21, da asuba ta tarar duk sun dahu. Kuɗin adashenta ne. Da ƙyar take magana a waya.

Da na buɗe, Arduino Uno ne, rile ɗaya, hita, sai sensa DHT11 da aka manna da salatif a jikin katako. Bod da rile duk daga cajar waya ɗaya suke shan wuta. Manhajar kuwa kwaso ta aka yi daga intanet aka ɗora. Cikin dare aka ɗauke wuta, aka tada janareta, wutar ta yi ƙasa ta dawo, maikrokontrola ta daskare rile na kunne. Allo na ta nuna 37.5, lambar ƙarshe da ya samu, hita na ta aikinta har gari ya waye.

Abin da ya ƙona mini rai, agogon gadi, mai sake tayar da maikrokontrola idan ta daskare, na nan cikin guntun ATmega328P na Uno ɗin, kyauta, layi biyu zai tashe shi, ba a kunna ba. Iyakar faɗuwar wuta an bar ta a bolt 2.7 yadda ta zo, alhali a gudun 16MHz guntun na son kusan 3.8. DHT11 kuma kuskurenta na kaiwa digiri 2, a wurin da rabin digiri ke da illa. Wanda ya haɗa wannan ne mai kiran kansa injiniya!

Manhaja na daskarewa. Rile na mannewa. Duk abin da ke zafi, a sa masa tamostat a jere da shi, wanda zai yanke wuta ko da maikrokontrola ta mutu.

Ku ma masu ba da aiki kuna da laifi. Kullum "Injiniya, ba za a gyara a manhajar ba?" don gudun kuɗin tamostat. Ba za a gyara ba, Alhaji. Rilen da ya manne ba ya jin umarni.

Ku kuma masu haɗawa, ku raba wutar rile da ta bod. Ku daina rubuta wa EEPROM a kowane zagaye, sau 100,000 ne iyakarta. Kafin ku miƙa aiki, ku zare sensa hita na kunne, ku zare filogi ku mayar, ku gwada da janareta. Kuma a sa tamostat ɗin.