Ku Ajiye Littafi Kusa da Keken Ɗinki

Iyaye maza na Briqueterie da Cité Verte, da ku nake. Yaro a nan Yawunde, daga boko sai makarantar allo, daga nan sai shagon ɗinki ko bakin tukuba. Yaushe zai buɗe littafi? Balle bai taɓa ganin babansa riƙe da shi ba, kullum waya.

Ku ba masu zuwa Kano saro kaya saƙon Magana Jari Ce na Abubakar Imam. Bayan la'asar, in ciniki ya lafa, yaro ya karanta shafi biyu a bayyane, kuna saurare. Zai yi ta tuntuɓe, tunda da Faransanci ya koyi karatun boko. Don Allah kada a yi masa dariya gaban abokansa. Ku gyara masa a hankali, ya ci gaba.